Tsirkiyar Jita Na Tsinkewa Wajen Saiti Da Manhaja: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Na fara koyon jita da manhaja a waya, ba ni da malami. Jitar ta katako ce mai tsirkiyar ƙarfe, mamurɗanta uku sama uku ƙasa. In na zo saiti sai manhajar ta yi ta nuna mini sautin yana ƙasa, in ƙara ɗaurewa. Ina cikin bin umarninta sai in ji tas! Siririyar ta tsinke sau biyu, ta uku ma ta taɓa tsinkewa. Laifin manhajar ne, ko jitar ce ba ta da kyau, ko tsirkiyar ce jabu?

Amsa: Sannu ɗan'uwa. Daga yadda ka kwatanta, ban zargi jitar ba, ban kuma zargi tsirkiyar ba tukuna. Tsirkiyar da ta tsinke ana cikin saiti, hannu na kan mamurɗi, kusan kullum ɗaure ta aka yi fiye da ƙarfinta. Manhajar ma ba ƙarya ta yi maka ba, abin da ta ji ta faɗa. Sai dai ji kawai take yi, ba ta gani. Ba ta san tsirkiyar da ka kaɗa ba, ba ta san mamurɗin da yatsunka suke kai ba, ba ruwanta kuma da irin jan da ƙarfen yake sha. Waɗannan kai ne za ka sani, kuma su ne abin da darussan manhaja suka fi tsallakewa da sauri don a kai ka ga waƙar farko.

Mu fara da ƙarfen kansa, domin siririyar tsirkiyar nan a bakin iyakarta take zaune ko da saitinta daidai ne. Ita ce lamba 1, sunanta E, kuma tana kaɗawa kusan sau 330 a daƙiƙa guda. A jitar katako mai tsirkiya irin wadda ake kira 12, wato kaurin inci 0.012, ita kaɗai tana ɗauke da jan da ya haura kilo 10. Duka shidan in ka haɗa, sun haura kilo 70 suna jan wuyan jitar dare da rana. To, ja ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauti, ya fi shi sauri. Ka ɗaga sauti da gaɓa ɗaya, wato tazarar ƙarfe ɗaya daga cikin ƙarafan da ke gicciye a wuya, ja ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin 100. Ka ninka sautin, ja ya ninku sau huɗu. A tsawon jita na yau da kullum, kusan santimita 65, siririyar tsirkiyar ƙarfe takan tsinke ne a wajajen G# ko A, gaɓa huɗu zuwa biyar kacal sama da mazauninta. Idan kuma ta riga ta yi tamau, rabin zagayen mamurɗi yakan ɗaga ta kusan gaɓa guda. Lissafa da kanka: zagaye biyu zuwa uku na kuskure sun isa. Daƙiƙa nawa ke nan ga mutumin da idonsa ke kan waya?

Kada ka ce za ka sayi mai kauri don ka huta. Mai kauri ta fi ƙarfi, gaskiya ne, amma tana buƙatar ja mai yawa daidai da kaurinta kafin ta kai E, saboda haka a wuri ɗaya suke tsinkewa. Shi ya sa masu jita mai tsirkiyoyi goma sha biyu suke fama da siririyar G ɗinsu, wadda ake ɗaurewa zuwa 392 Hz, wato kaɗawa sau 392 a daƙiƙa, dab da iyaka.

Ta ukun da ka ce ta tsinke, wato G, ita tata matsalar daban ce. A ido tana da kauri, amma naɗin tagulla ne a kan wani siririn zaren ƙarfe. Naɗin nauyi kawai yake ƙara mata don muryarta ta sauko, ba ya ɗaukar ja ko kaɗan. Zaren cikin shi kaɗai ke riƙe da kusan kilo 13 zuwa 14. Duk mai gyaran jita ya san E da G su ne suka fi kawo masa baƙi.

Yanzu ga yadda nake zaton siririyar taka ta tafi. Ɗauki jitar ka dubi kanta. A jerin sama, mamurɗin da ya fi kusa da jikinka na tsirkiya ta 6 ne, mai kaurin nan, sai ta 5, sai ta 4 can a ƙarshe. Mai koyo yana saita su ɗaya bayan ɗaya lafiya lau. Da ya zo ta 3 sai hannunsa ya sauko jerin ƙasa ya kama mamurɗin farko, na kusa da shi, yana ganin haka jerin yake tafiya. Alhali jerin ƙasa juyawa yake yi: na can ƙarshe shi ne na G, na tsakiya na B, na kusa kuma na siririyar E. Sai ya zama yana kaɗa G, yana murɗa E. Manhaja tana jin G, G kuwa ko gezau, don haka ta ci gaba da cewa a ƙara. Shi kuma ya ƙara. Tsirkiyar da bai ma taɓa ba ita ce za ta ba shi amsa. Na ga wannan a hannun masu koyo fiye da duk wani dalili, kuma maganinsa ba ya cin ko minti ɗaya: kafin ka murɗa, ɗora yatsa a kan tsirkiyar ka bi ta har inda ta naɗu. Sannan ka riƙe wannan ƙa'ida da kyau: in ka murɗa kaɗan sautin da kake ji bai motsa ba, tsaya. Tsirkiya ba ta taurin kai. Idan muryarta ba ta canja ba, to wata ce kake ɗaurewa.

Ita kuwa G, mai yiwuwa manhajar ce ta ɗauke ta a matsayin wata. Yawancin manhajojin saiti suna da tsarin da suke canko tsirkiyar da ka kaɗa da kansu. Sauti shida suka sani: E a 82 Hz, A a 110, D a 147, G a 196, B a 247, sai E a 330. Duk abin da suka ji, sai su jingina shi da wanda ya fi kusa. Ka ce ka ɗan wuce G ba ka lura ba, ka kai ta wajajen 225. Daga nan ta fi kusa da B a kan G, sai manhaja ta yanke cewa tsirkiya ta 2 ce da ta yi sako-sako, ta ce ka ɗaure. Daga G zuwa B gaɓa huɗu ne, ƙarin ja kusan kashi 60 cikin 100, kilo 13 ya koma sama da 20. Siririn zaren nan da wuya ya jure. Don haka a watannin farko ka kashe wannan tsari na canke, ka riƙa danna tsirkiyar da kake nufi da hannunka. In ka zaɓi G, ko ka wuce ta, za ta ce maka ka sauko.

Akwai kuma ruɗanin haruffa ga mai amfani da na'urar da ke nuna kowane sauti. Jerin shi ne C, C#, D, D#, E, F, F#, G, G#, A, A#, B, sannan a koma C. In kana neman E ka ga D ko D#, kana ƙasa, ƙara kaɗan. In ka ga F ko G, ka riga ka wuce, sassauta. Wasu in sun ga F sai su ce bari su ci gaba da ɗaurewa, ai E za ta sake zagayowa. Za ta zagayo, amma a hawa na gaba. Abin kamar gidan bene ne da kowane hawa yake da ɗaki mai suna E, kuma tsirkiyarka ɗakinta ɗaya ne tak. Ƙaramar lambar da ke gefen harafin ita ke faɗin hawan: E2, A2, D3, G3, B3, E4. Ka haddace su da lambobinsu. Idan manhajarka tana rubuta Mi, La, Re, Sol, Si, Mi, su ɗin ne dai da wasu sunaye, a Jamus kuma H suke rubutawa a madadin B.

Wani abin da ba a cika dubawa ba shi ne saitin manhajar kanta. Ka tabbata jita mai tsirkiya shida ka zaɓa, saitin yau da kullum, kuma ma'aunin A yana kan 440 Hz. Yatsa kan zame a kan allo ya koma ukulele, ita kuwa tsirkiyarta ta farko A4 ce, 440 cif, daidai inda na ce maka siririyar jita take tsinkewa. In kana amfani da kapo, wato abin da ake matse wa wuyan jita don ɗaga sautin duka tsirkiyoyin, cire shi kafin saiti.

Makirfon waya shi ma yana da nasa rauni. Ba ya kama sauti mai kauri sosai, kuma tsirkiya ba murya ɗaya take fitarwa ba. Tare da asalin sautinta akwai ninkinsa biyu, uku, huɗu, suna tashi a lokaci guda. Mai kaurin nan 82 take kaɗawa, ninki uku na 82 kuwa kusan 247 ne, wato B. Shi ya sa za ka kaɗa ta 6 ka ga allurar manhajar ta yi tsalle zuwa B ta dawo. Ga fanka, ga muryar mutane, ga sauran tsirkiyoyi biyar da ke amsawa a hankali ko ba ka taɓa su ba. A ce ka zaɓi siririyar E, amma farcenka ya gogi ta 2 tana ta amo. Manhaja za ta ji B, ta ce kana ƙasa nesa. Saboda haka ka kwantar da yatsu ko gefen tafinka a kan sauran su yi tsit, ka kaɗa guda ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ni in an tambaye ni, ƙaramar na'urar saiti da ake maƙalawa a kan jita ta fi waya ga mai koyo, domin girgizar katako take ji, hayaniyar ɗaki ba ta dame ta ba. Amma ita ma ba ta san mamurɗin da ka kama ba.

Ga yadda nake so ka riƙa yi. Kusan kowace manhaja tana iya busa maka sautin tsirkiyar in ka danna ta. Saurara tukuna, ka ma bi shi da muryarka in za ka iya, sannan ka kaɗa taka. Ba sai kana da kunnen gwani ba kafin ka gane wanne ya fi tashi. In ka rasa ganewa, sassauta. Sassautawa da wuya ta tsinka tsirkiya, don haka duk lokacin shakka nan ne mafita: sauko da ita har ka tabbata tana ƙasa, sannan ka hau a hankali. Kana kaɗawa kana murɗawa, kwatan zagaye ko ƙasa da haka, kada ka taɓa murɗa tsirkiyar da ta yi shiru. Kada kuma ka haddace cewa dama ne ɗauri, hagu ne kwance, don jerin sama da na ƙasa suna rikita hannu, wani lokaci ma wanda ya sa tsirkiyar ya naɗa ta a baibai. Kunnenka zai gaya maka ko hawa take ko sauka. Kullum ka iso sautin daga ƙasa. In ka wuce, koma ƙasa da shi ka sake hawowa, domin tsirkiyar da aka sauko da ita kan bar ɗan sako-sako a cikin haƙoran mamurɗi, da ka fara kiɗa sai ta zame.

Ka koyi gwajin gaɓa ta biyar, ko don ka riƙa kama manhaja in ta ruɗe. Danna ta 6 a gaɓa ta biyar, ya kamata ta yi murya ɗaya da ta 5 a sake. Haka ta 5 da ta 4, haka ta 4 da ta 3. A ta 3 ne kawai ake danna gaɓa ta huɗu don a sami ta 2, sannan ta 2 a gaɓa ta biyar ta ba ka siririyar. In siririyar ta fi wannan tashi sosai, ka san inda ka dosa.

To, idan duk ka kiyaye wannan amma har yanzu tana tsinkewa, sai mu koma kan jitar. Kada ka jefar da guntun, shi ne shaida. Miƙe shi a kan jitar ka ga inda ya yanke. In a jikin sandar mamurɗi ne, daidai bakin ramin da ake zura tsirkiya, ko dai ɗauri ya yi yawa, ko bakin ramin yana da kaifi, ko naɗin ya hau kan juna yana cizon kansa. In a kan jaki ne, wato farin abin da tsirkiya ke hawa a kan jikin jitar, kuma kullum a wuri ɗaya, to ya zaizaye ya yi kaifi, sai a goge shi da takardar yashi mai laushi ƙwarai. In a ɗan ƙashin nan mai tsaga shida da ke ƙarshen wuya ne, tsagar ta matse. Alamarta ba ta ɓuya: kana murɗawa sauti ya ƙi motsi, can sai ka ji ƙis, ya yi tsalle ya wuce. Abin da ke faruwa shi ne tsagar ta riƙe tsirkiya, ja yana taruwa a ɗan guntun da ke tsakaninta da mamurɗi, manhaja kuwa ɓangaren da ke kaɗawa kawai take ji. Goga bakin fensir a cikin tsagar yakan wadatar, in bai yi ba a kai wa mai gyara ya ɗan buɗa ta. In kuwa a tsakiya ta yanke, inda yatsu ke yawo, ka duba za ka ga baƙi-baƙi ko tsatsa. Gumi ne ya ci ta. Share tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane zama yana ƙara mata kwana sosai. Sabuwar jita ma takan zo da tsirkiyar da ta daɗe a jikinta tun daga masana'anta.

Tunda yanzu kai ke sa sabuwa da kanka, ka kula da abu biyu. Wajen naɗi, zagaye biyu zuwa uku ya isa ga masu kauri, sirara kuma huɗu ko biyar, kowane zagaye yana sauka ƙarƙashin na baya, ba su hau juna ba. Sai ƙasan jitar, inda ake cusa ƙwallon ƙarshen tsirkiya a rami a toshe da ɗan turke. Ƙwallon a jikin katakon ciki ya kamata ya maƙale, ba a ƙarshen turken ba. Idan bai zauna ba, kana ɗaurewa yana zamowa, sauti na ta faɗuwa, turken na ɗagowa a hankali, wata rana ya yi tsalle. Ka ɗan lanƙwasa tsirkiyar kusa da ƙwallon kafin ka cusa, ka danne turken da babban yatsa, ka ja ta sama har ka ji ta tsaya. Kuma duk lokacin da kake ɗaure sabuwa, kawar da fuskarka daga saitinta. Ƙarfen da ke ɗauke da kilo 10 in ya balle ba ya zaɓen wurin sauka, ido kuwa ba a canja shi.

Sabuwar tsirkiya za ta yi ta saukowa a ranar farko, wannan ba lalacewa ba ce. Naɗin ne yake zama. Ka saita, ka kama ta a tsakiya ka ɗan ja ta sama a hankali, ka sake saitawa, har ta daina sauka. Ta nailan takan ɗauki kwanaki. Af, tunda na ambaci nailan: jitar da aka ƙera don nailan ba a sa mata ƙarfe, domin jan ƙarfe ya kusa ninka nata, yana iya ɓamɓare jakin ko ya lanƙwasa wuya.

Akwai wata illa da ta keɓanta da koyo ta manhaja. Shirye-shirye irin su Rocksmith, wanda kamfanin Ubisoft ya fitar a 2011, da Yousician, suna koyarwa ne da waƙoƙi, kuma ba kowace waƙa aka yi a saitin yau da kullum ba. Wata za ta ce ka sauke duka shidan gaɓa ɗaya, wata ta ce ka sauke ta 6 zuwa D. Wanda ke tsalle daga wannan waƙa zuwa waccan zai wuni yana kwancewa yana ɗaurewa. Kowane juyi yana lanƙwasa ƙarfen ya miƙe shi a wuri ɗaya, a bakin sandar mamurɗi, har ya gaji ya yanke ko da ba a taɓa wuce masa iyaka ba. Ka tara waƙoƙi masu saiti ɗaya ka yi su a zama guda. A farkon koyo ma ni ban ga dalilin barin saitin yau da kullum ba sam, waƙoƙin da ke cikinsa sun ishe ka shekara.

Kada kuma ka zama mai farautar kore, launin da manhaja ke nunawa in sauti ya yi daidai. Da ka kaɗa tsirkiya, sautin yakan ɗan tashi sama a farko sannan ya kwanta, don haka allura za ta yi rawa, haka abin yake. Jira kamar daƙiƙa ɗaya ka karanta. Gaɓa ɗaya an raba ta kashi 100, kuma saɓanin kashi 2 ko 3 ba mai jin sa a cikin kiɗa. Wani lokaci duka shidan za su yi kore amma in ka haɗa G da B ka ji kamar da ɗan tsami. Ba kuskurenka ba ne, yadda aka raba gaɓoɓin jita daidai wa daida ya sa wannan tazarar ta fi ta asali faɗi da kusan kashi 14, kuma haka take a fiyano ma.

Haka nan in darasi ya ce ka kuskure sauti alhali tsirkiyoyinka a sake daidai suke, kada hannunka ya tafi mamurɗi. Sabon hannu yakan danna da ƙarfin tsiya, ko ya ture tsirkiyar gefe, duka biyun kuwa suna ɗaga sauti. Danna dab da bayan ƙarfen gaɓar, da ƙarfin da zai hana ta zuza kawai. In kana son sanin ko jitar ce, kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danna ta a gaɓa ta 12 a hankali. Harafi ɗaya ya kamata ka gani, lambar hawa ce kawai za ta ƙaru da ɗaya, allura kuma ta tsaya kusa da tsakiya. Idan ta karkata sama sosai a kowace tsirkiya, kuma ka ga sun yi nisa da wuya har danna su na ciwo, wannan aikin mai gyara ne, zai rage tsayin jaki ya daidaita wuyan. Ana sayar da siririyar E da G ɗai-ɗai ba sai ka sayi duka shidan ba, ka ajiye biyu-biyu masu kaurin da ke jikin jitarka, lambar tana rubuce a jikin fakitin.